Janaretan da Ya Kasa Tafasa Ruwan Jego

Abin nan ya faru ne shekara guda bayan cutar da ta sa aka kulle masallatai, a bazarar da ta biyo damunar da ruwa ya ci katangar gidanmu ta gabas. Maigidana yana da shekara uku a ƙasa. Injin markaɗena kuwa, wanda na ci na sha da shi fiye da shekara talatin a Tudun Wada, ban daɗe da bar wa ƙanwata shi ba saboda ciwon gwiwa. Ni ban taɓa zama a aji ba, amma abin da ya wuce ta gabana ba ya ɓace mini.

'Yar farina ce take aure a Doha. Mijinta direba ne a gidan wani Balarabe a Mu'aither. Shekara tara suna tare kafin Allah ya kawo rabo. Da watan haihuwa ya kama, tunda ita ba ta samu zuwa gida ba, sai suka aiko mini da takardu in je in yi mata wankan jego. Na ɗaure kanwa ungurnu, da yajin jego, da garin kunu. Na kuma yi ƙunshi guda daban na kayan jariri: zanen goyo saƙi, 'yan riguna huɗu, da huluna biyu da na sa aka saƙa mini.

A filin jirgi surukina ya durƙusa ya gaishe ni, ya daɗe bai ɗago ba. Sai da muka hau titi, yana kallon gabansa, ya ce, "Inna, ta sauka ranar Talata. Namiji ne. Ya kwana ɗaya ya koma."

Na ce, "Allah ya sa mai ceto ne."

Ya ce amin. Na ci gaba da kallon dogayen gine-ginen nan. Na laluba cikina in ji wani abu, ban samu ba. Abin da na tuna kawai, sanyin motar ya dami gwiwata.

Na tarar da yarinyar a ɗakinsu na unguwar Mansura tana zaune a bakin gado. Mu a wurinmu ba a rungumar ɗan fari, ba a kiran sunansa. Na ce, "Sannu." Ta ce, "Yauwa, Inna." Iyakar maganarmu ke nan a ranar, kuma kusan iyakar maganarta ke nan har kwanaki.

To, tafiyar jariri ba ta ɗauke wanka. Jikin da ya haihu ya buɗe, ko an goya ko ba a goya ba, kuma in sanyi ya shige shi ba ya fita. Kwana arba'in, safe da yamma, da ruwan da ya tafasa ya yi ƙasa ya yi sama, a tsoma ganye a fyaɗa. Haka aka yi mini sau bakwai, haka na yi wa matan unguwarmu da ban san adadinsu ba. Ni abin da ya kai ni ƙasar ke nan. Jaririn ya riga ya tafi, jikin uwarsa ne ya rage a hannuna, kuma ina so ya sake ɗaukar wani.

Amma gidan nan na Mansura ba gidan jego ba ne. Iyali huɗu, kicin ɗaya, banɗaki ɗaya. Ina ɗora babbar tukunya na cinye murhu, ina shiga banɗaki da ita tururi ya cika lungu. Wata Ba'indiya ta yi ta buga ƙofa tana nuna mini agogon hannunta. Wata 'yar Zangon Kumasi, mai kirki, ta ja ni gefe ta ce, "Mma, nan ba gida ba ne, za su kai ƙara wajen mai gidan." A kwana na uku surukina ya dawo da magana. Ya roƙi kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya kawo shi ƙasar, ya ba mu aron motar ɗakin da suke fita sahara da ita lokacin sanyi. Su karafan suke ce mata. Tana ajiye a wani fili mai katanga can bayan gidan, ba mai taɓa ta sai sanyi ya dawo. Sharaɗi guda ya kafa: ba a kunna wuta a ciki ko a waje. Tukunyar gas ma sun cire.

Ɗaki ne sosai a kan taya. Da gado, da kujera doguwa, da ɗan banɗaki, da esi mai sanyaya ɗaki a rufi. Babu wayar lantarki da ta iso filin, sai janareta da ke cikin wani akwati a jikin motar ta waje, mai murfi. Surukina ya sayo hita, irin ƙarfen nan da ake tsomawa cikin ruwa, ya yanko mini ganyen darbejiya a lambun Balaraben. Ruwan famfon garin da zafinsa yake zuwa a bazara, har ya ce mini ko zai wadatar. Na ce wa bango, don ba na kallonsa in ina magana, zafin rana daban, zafin wuta daban.

Ranar da ya fara tayar da janaretan na tsaya na saurara. Inji ne mai lafiya. Muryarsa ɗaya, ba hawa ba sauka. Esi yana yi, hita tana yi, kafin in gama wanke ganye ruwa ya tafasa. Kwana huɗu muka yi haka. Shi yana kwana a ɗakin direbobi, ya leƙo mu da safe da bayan la'asar.

Matsalar ɗakin, ba shi da wurin ɓoye abu. Yarinyar kuwa ta kama wata ɗabi'a: ta tashi ta buɗe wannan durowa ta rufe, ta buɗe waccan ta rufe, ba abin da take nema. Ƙunshin kayan jaririn yana ƙarƙashin doguwar kujera, na danne shi da buhun garin kunu. Rannan da hantsi na fito daga banɗaki na gan ta ta ɗaga murfin kujerar, hannunta a kan buhun. Na ce ta zo ta sha kunu kafin ya huce. Ta saki ta zo.

Tana kwanciya na ɗauke ƙunshin, na sa shi a baƙar leda, na fita da shi. Na zaga motar sau biyu. Filin fetal yake, yashi ne da katanga. Zubarwa ban iya ba. Ba wa surukina ya ajiye, wannan ma bakina ba zai iya ba. Sai na ɗaga murfin akwatin janareta, lokacin a kashe yake, na ga akwai rata tsakanin injin da bangon akwatin, can ta baya, da duhu. Na cusa ledar. Ta tsaya a baki, ana hango ta. Na koma na ɗauko muciya na tura ta har ta ɓace. Na rufe murfin, na wanke hannuna.

Ni da na shekara talatin da inji. Ban ko tsaya na tambayi kaina me ratar take yi a wurin ba.

Da yamma aka tayar, ya ɗauka kamar kullum. Can sai muryarsa ta yi nauyi. Ƙwan fitilar ɗakin ya koma ja kamar na aci-balbal. Esi ya yi gurnani, ya tsaya, ya sake yunƙurawa, ya tsaya. Ruwan ya yi zafi, ya fara 'yar waƙar nan da yake yi kafin tafasa, ya tsaya a nan. Na jira har magariba ta kusa. Da shi na yi mata wankan, ruwan da zan iya tsoma hannuna a ciki in bar shi.

Washegari surukina ya zo da ƙyalle da sifana. Ya duba fetur, a cike. Ya zaro sandar baƙin mai ya goge ya mayar ya sake zarowa, daidai. Ya kwance fulogi, ya ga ya yi baƙi, ya kankare ya hura ya ɗaura. Duk ta gaba yake aikinsa, inda hannu yake kaiwa. Ya tayar, injin ya ɗauka da kyau, ya ce, "Khalas, shi ke nan, Inna, fulogi ne," ya tafi kai yaran gidan makaranta. Bai kai ƙofar filin ba muryar injin ta sake yin nauyi.

Da ya dawo ya ce wataƙila kaya ne suka yi masa yawa, a kashe esi in za a dafa ruwa. Muka kashe. Ɗakin ya zama tanda, yarinyar tana kwance gumi yana bin wuyanta. Ruwan ya ɗan fi na jiya zafi, amma kafin ya tafasa injin ya yi zafi ya mutu da kansa.

A lokacin na riga na sani. Injin da fetur ya yi wa kaɗan tari yake yi, ya ja ya saki, ya ja ya saki. Wanda aka hana iska kuwa gurnani yake, hayaƙinsa ya yi baƙi, jikinsa ya ɗau zafi. Na ji wannan muryar ba sau ɗaya ba, duk ranar da garin masara ya toshe wa injina hanci. Da azahar, ba kowa a filin, na durƙusa a kan yashi mai ƙuna na zura hannu har kafaɗa. Yatsuna ba su kai ba. Na sa muciya in jawo, sai ma ta ƙara turawa. Na zauna a wurin ina kallon katanga har yashin ya ishe ni, na tashi.

Abin da ya rage in buɗe baki in faɗa. In ce wa mijin 'yata, wanda ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba, ni ce na yi wannan aikin, ga kuma abin da ke cikin ledar. A ciro shi a gabansa, wataƙila a gabanta. Na ce bari in ga gobe. Gobe ta zo na ce bari in ga jibi. Wanka biyar na yi mata da ruwan da bai tafasa ba. A na huɗu na lura ƙafafunta sun tasa. Na danna da yatsa, wurin ya lotsa bai dawo ba. Na ja zane na rufe, na je na wanke tukunya.

Ranar Juma'a da hantsi surukina ya zo da abokinsa, wani Kirista mutumin Jos mai gyaran lantarki. Daga coci yake, don a can ranar Juma'a suke zuwa, da farar rigarsa a goge. Ya cire ta ya rataye a madubin motar, ya rage singileti. Ya durƙusa har ƙasa.

"Mama, sannu da zuwa. Ya haƙuri?"

"Da godiya, ɗan nan."

Ya juya ga surukina. "Oga direba, kai da ka iya tuƙa motar miliyoyi, ɗan wannan abin ne ya kayar da kai?"

"Duba dai ka gani, malam. Baki ba ya gyara."

"Ka ba shi abinci kuwa? Ko ka sa shi azumi irin naku?"

"Tanki a cike. Ku ne dai ba ku san azumi ba, sai shan shayi."

Ina zaune a kan matakalar motar, a gefe, na ba su rabin baya. Mutumin Jos ya fito da wata mita mai wayoyi biyu, ja da baƙa, ya sa aka tayar, ya soka. Ya ce da farko wutar tana cika. Ya ce a kunna esi. Ya kalli mitar ya girgiza kai, ya faɗi wata lamba, ya ce tana zubewa kamar ruwa a kwando. Ya kashe. Ya canza fulogi sabo. Ya cire matatar fetur ya hura, ta wuce. Ya buɗe matatar iska ya kaɗa ta a gwiwarsa, 'yar ƙura ta fita, ya ce wannan ba ta kai ta kashe inji ba. Ya kwance kafireta ya wanke ta da wani abu mai fesawa, ya ɗaura. Aka sake tayarwa. Ya yi kyau na ɗan lokaci, kamar mai jin kunyar baƙo, sannan ya koma gurnaninsa.

Ya goge hannu ya tsaya yana kallonsa. "Mutumina, abin nan daga ciki ne. Ko waya ta fara ƙonewa, ko abin da ke daidaita wutar ya gaji. A nan ba zan iya ba. Sai an sauke shi gaba ɗaya an kai gareji."

"Kwana nawa?"

"In an samu kayan, mako guda. In sai an yi oda, kwana goma, ko fiye."

Na san abin da surukina yake lissafawa, Mansura da banɗakin nan. Ni kuma ƙafafun yarinyar nake gani. Kwana goma.

Ban juyo ba. Na ce, "Ɗan nan."

"Na'am, Mama."

"Kada ku sauke shi. Lafiyarsa ƙalau. Iska ce ba ya samu."

Ya yi 'yar dariya, ba ta raini ba. "Ashe Mama ma injiniya ce?"

Surukina ya ce, a hankali, "Shekara talatin tana da injin markaɗe. Ko bakanike ba ta cika kira ba."

"To Mama, na duba matatar iska, ba ta toshe ba."

"Ba nan ba. Ta baya, inda yake shaƙa. Akwai leda."

"Iska ce ta kwaso ta?"

"Ni na sa."

Ba wanda ya tambaye ni dalili. Mutumin Jos ya kunna fitilar wayarsa, ya kwanta a yashi ya shiga ƙarƙashin motar. Na ji ya ce, "Ga ta nan kuwa, ta manne da ragar shigar iska." Ya nemi waya mai ƙarfi, ya lanƙwasa bakinta, ya yi ta fama ta sama surukina yana haska masa. Da ta fito, gefe guda na ledar ya narke ya ƙanƙance. Ya ɗaga ta yana cewa, "Mama, Allah ya rufa asiri, da an ƙara kwana biyu wuta ce za ta..." Sai ledar ta yage, ƙunshin ya faɗi ya warware.

Zanen goyon ya babbake a gefe ɗaya. Rigunan ba abin da ya same su. Huluna biyun suka gangara, ɗaya ta tsaya a jikin taya.

Mutumin Jos ya ajiye wayar hannunsa a hankali. Surukina ya juya ya fuskanci katanga.

Ban ji buɗe ƙofa ba, sai inuwar yarinyar na gani a kaina. Na matsa ta sauko, da kumburarrun ƙafafun nan, ba takalmi, a kan yashin da ni da silifa ma yake ƙona ni. Ta tsince rigunan ɗaya bayan ɗaya ta kakkaɓe. Ta ninke zanen, ɓangaren ƙunar a ciki. Ta ɗauki hula guda ta sa dunƙulen hannunta a ciki tana juyawa.

Ta ce, "Inna, da ta yi masa yawa. Kansa ɗan ƙarami ne."

Tun zuwana ba ta taɓa ambatonsa ba sai ranar. Na ce, "To." Ta rungumi kayan ta koma ciki.

Mutumin Jos ya kankare narkakkiyar ledar daga ragar da bakin wuƙa, ya ce, "Yalla, maza tayar." Muryar ta fito ɗaya, irin ta ranar farko. Aka kunna esi, aka tsoma hita, ya soka mitarsa ya daɗe yana kallo, ya ce ba ta motsa ba. Bai sake yin wasa ba. Da zai tafi, yana sa maɓallan rigarsa, ya ce wa surukina da murya ƙasa-ƙasa ya ga ƙafafun madam, matarsa nas ce a wani asibiti a Al-Sadd, a kai ta gobe kada a jira.

Ruwan yamma ya tafasa har murfin yana rawa. Na tsoma ganye na fyaɗa mata, tururi ya rufe mu ba na ganin fuskarta. Ba ta yi kuka ba, ni ma ban yi ba. Na yi aikina yadda aka koya mini, baya, ciki, cinyoyi, na naɗe ta da zane.

Washegari aka kai ta. Suka ce jininta ne ya hau, suka ba ta ƙwayoyi, suka ce a daina kunun kanwa, a kuma rage zafin ruwa. Kanwar na daina. Ruwan na riƙa sirkawa kaɗan bayan ya tafasa, amma sai ya tafasa tukuna. Kumburin ya saɓe cikin mako. Nas ɗin ta ce ƙwayoyinsu ne. Ban yi musu da ita ba, 'yar mutane ce mai ladabi. Muka cika arba'in a motar nan, janaretan bai sake ko tari ba. Surukina bai taɓa tayar mini da maganar ledar ba, har ranar da ya mayar da ni filin jirgi. Kayan kuwa ban san inda ta ajiye su ba, ban tambaya ba.

Balaraben da ya ba mu aron motar ya rasu, an ce 'ya'yansa sun sayar da ita. 'Yar Zangon nan ta Mansura ma na ji ta rasu a gida wajen haihuwa. Mutumin Jos yana nan da ransa, ya koma garinsu ya buɗe shago, matarsa ce har yanzu take can tana aiki. Surukina yana nan, yana tuƙi a wani gidan. Yarinyar tana nan, ta yi ƙiba, tana sayar da turaren wuta ta waya. Ba ta sake samun ciki ba har yau. Ta ce likitoci sun ce ba ruwan wanka a ciki, in cire abin a raina. Na ce to. Wanka biyar ne dai, na san su ɗaya bayan ɗaya. Sai ni, ina nan.